Yadda ake ciro sinadarin kwasetin daga ɓawon albasa ba da guba ba

Wannan busasshen ɓawon da ake zubarwa ya fi tsokar albasar kanta yawan kwasetin nesa ba kusa ba, sinadari ne da ke taimaka wa jiki wajen kare ƙwayoyinsa daga lalacewa. A da metanol, wani nau'in alkohol na masana'antu, aka fi jiƙa ɓawon da shi don ciro kwasetin ɗin, alhali metanol guba ne, yana makantar da mutum. Yanzu itanol, wato alkohol irin wanda ke cikin barasa, da ruwa sun wadatar.

Amma yawancin masu farawa tun wajen shanya suke ɓata aikin. Za ka ga mutum ya wanke ɓawon tas, madalla, dole ne ma saboda ƙasa da ragowar maganin ƙwari, sai kuma ya baza shi a tsakiyar rana ko ya cusa a oben ya ƙure wuta don ya yi sauri, to zafi da haske su ne ke cinye abin da kake nema, musamman in jar albasa ce, launin nan nata ba ya jure wahala ko kaɗan. A inuwa ake shanyawa, inda iska ke ratsawa, a baza shi ba a tara ba. In oben ne kada ya haura digiri 50. Sai ka murza ya karye ƙaras tukuna. In da sauran laima fumfuna za ta kama shi, kuma wanda ya yi fumfuna zubarwa ake, babu wani gyara.

Daga nan ka niƙa ka tankaɗe. Haɗa itanol kashi 60 ko 70 cikin 100, sauran ruwa. Kada ka ce za ka yi da ruwa zalla don sauƙin kuɗi, kwasetin ba ya narkewa sosai a ruwa, asara ce kawai. Giram 1 na garin, mililita 20 na haɗin, ni haka nake so.

Zuba a kwalba ka rufe, ka tsoma ta a injin nan mai girgiza ruwa da sauti, irin na wanke tabarau da zobba ma ya isa, ba sai ka nemi mai tsada ba. Girgizar ce ke farfasa ƙwayoyin ɓawon abin ya fito. Minti 30. Ka riƙa duba ma'aunin zafi don ruwan injin da kansa yake ɗumama, in ya tashi ka jefa ƙanƙara. Ba ka da injin, bar shi ya kwana a duhu kana jijjigawa.

Tace da takardar tacewa, ka bar itanol ɗin ya tsere a ɗan ɗumi, nesa da wuta don yana kamawa nan take. Abin da ya rage ka zuba a kwalba mai duhu, ka sa cikin firij. Kada kowa ya sha sai an kai ɗakin gwaji an auna ƙarfinsa.