Darasi na 9: Barcin Laftof da Wutarta Idan Tana Kan Mahaɗa

A darasin da ya gabata mun jona laftof da mahaɗa, wato ɗan akwatin nan na kan tebur wanda babban allo da kibod da linzami da wayar intanet duk suke shiga cikinsa. Waya ɗaya ce ke fitowa daga mahaɗa zuwa laftof, galibi mai bakin USB-C, kuma ita ce ke kawo mata caji. Yau za mu gyara abin da ya fi damun masu fara aiki a haka: da zarar an rufe murfin laftof don a fuskanci babban allo, sai komai ya yi duhu.

Ba lalacewa ta yi ba. Tun daga kamfani aka saita ta a kan ta yi barci idan an rufe murfi.

Barci iri biyu ne

Akwai gajeren barci, wanda za ku ga an rubuta Sleep. Aikinku yana nan a buɗe a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana tashi nan take, amma tana ci gaba da shan batir kaɗan-kaɗan. Akwai kuma dogon barci, Hibernate. A nan kwamfuta tana kwafe duk abin da ke buɗe ta adana a ma'ajinta, sannan ta mutu gaba ɗaya. Tashi yana ɗan ɗaukar lokaci, amma ko batir ya ƙare tas, za ku tarar da aikinku yadda kuka bar shi. Na farko kamar mai shago ne ya kishingiɗa ƙofa a buɗe, na biyu kuwa ya tattara kaya ya sa kwaɗo.

Saita murfi

Wannan hanya tana aiki a Windows 10 da Windows 11. Ku danna Start, ku rubuta Control Panel, ku buɗe. Ku shiga Hardware and Sound, daga nan Power Options. A gefen hagu ku danna Choose what closing the lid does. Ku nemi layin da ya ce When I close the lid.

A gaban layin akwai gurbi biyu, kuma a nan ne darasin yau ya ta'allaƙa. Gurbin Plugged in yana nufin lokacin da laftof take samun wuta daga mahaɗa ko caja. Gurbin On battery yana nufin lokacin da take kan batirinta. A gurbin Plugged in ku zaɓi Do nothing, ma'ana kada ta yi komai. A gurbin On battery ku bar Sleep. Sai ku danna Save changes a ƙasa. Mutane da yawa suna mantawa da wannan dannawa ta ƙarshe, su koma suna cewa saitin bai yi ba.

Wasu masu gyara, don gudun dogon bayani, sukan sa Do nothing a gurbin biyu duka. Kada ku yarda da hakan. Ranar da kuka zare waya, kuka rufe murfi, kuka sa ta a jaka kuka hau Keke Napep, tana nan a kunne. Babu iska a jaka, fanka na ta juyawa, kafin ku isa gida ta yi zafi jau kuma batir ya zube. Irin wannan zafi ne ke gajarta ran batir.

Idan aka ɗauke wuta

Mahaɗa ba ta da batir. Da an ɗauke wuta, ko ana sauyawa daga wutar gari zuwa janareto, ita da babban allo mutuwa suke yi tare. Laftof kuma sai ta koma bin dokar gurbin batir, don haka idan murfi a rufe yake kuna iya samunta ta yi barci. Hakan daidai ne. Ku ɗaga murfi kawai ku ci gaba a kan ƙaramin allonta.

Abin tsoro a wani wuri yake. Duk abin da ke jikin mahaɗa yana yankewa a wannan lokaci, har da filashi da babban ma'ajin waje. Idan kuna tsakiyar kwafar takardu, kwafin zai tsaya, wani lokaci ma fayil ya lalace. Saboda haka a unguwar da wuta ba ta zama, ku soka filashi a jikin laftof kai tsaye. Mai hali ya jona mahaɗa da babban allo a kan UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke ta, ko inbata.

Idan kun san wutar ba ta da ranar dawowa, kada ku bar ta a gajeren barci har dare ya raba. Ku sa ta a dogon barci. In ba ku ga Hibernate a jerin kashewa ba, ku koma shafin nan na murfi, ku danna Change settings that are currently unavailable, ku sa alama a akwatin Hibernate da ke ƙasa.

Minti nawa kafin ta yi barci?

A Windows 11 ku shiga Settings, System, Power & battery. A Windows 10 sunan wurin Power & sleep. Nan ma gurbi biyu ne. A kan batir, allo ya mutu bayan minti 5, ta yi barci bayan minti 10 ko 15. A kan wuta kuna iya ƙarawa zuwa awa ɗaya. A ofishin da jama'a ke shige da fice kada ku zaɓi Never, kuma kafin ku tashi salla ku danna maɓallin Windows tare da L don ku kulle allo.

In ta ƙi tashi, ko ta ƙi caji

Wani lokaci za ku taɓa kibod ta ƙi farkawa. Ku buɗe Device Manager, ku shiga Keyboards, ku buɗe naku, ku duba Power Management, ku sa alama a Allow this device to wake the computer. Wasu mahaɗu na Dell da Lenovo suna da maɓallin kunnawa a jikinsu, sai dai galibi da laftof ɗin kamfaninsu yake aiki.

Ku kuma karanta rubutun da ke jikin cajar laftof ɗinku. Idan an rubuta 65W, wato ƙarfin wuta wat 65, mahaɗa kuma 45W take bayarwa, caji zai yi tafiyar hawainiya, batir ma yana iya raguwa alhali waya na jone. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ku bar murfi a buɗe, kada ku ɗora takardu a kanta, kuma kada ku ajiye ta a kan darduma ko katifa, domin kafofin shan iskarta suna toshewa.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya saita gurbin murfi, ɗayan ya rufe murfin ya ga ko babban allo ya ci gaba da aiki. Bayan haka ku kashe soket ɗin mahaɗa murfi a rufe, ku ƙirga ashirin, ku ɗaga murfi. Ku rubuta a littafinku abin da kuka gani, da lambar wat da ke jikin cajarku da ta mahaɗa.