Yadda za ka tace irin farin kabejin da zai karɓi ƙasar Zariya

Farin kabeji, wato cauliflower, ba ya wuyar tsiro, wuyarsa ɗaure kai. Mu masu noman rani a bakin Galma mun saba ganin ganye ya yi kore shar, amma a tsakiya sai ɗan ƙulli kamar maɓallin riga. Galibi mukan ɗora wa taki laifi. Ni a ganina tun daga zaɓen iri matsalar take farawa, shi ya sa nake so kowane mai lambu ya koyi tace nasa.

Fara da sanin asalin abin da ke cikin fakiti. Irin Turai, dangin Snowball, yana son sanyi na digiri 15 zuwa 20 kafin ya ɗaure kai, kuma hunturunmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙyar yake isarsa. Akwai kuma dangin Indiya. An kai farin kabeji can a 1822, manoma suka yi ta zaɓe har aka samu masu ɗaure kai ko da zafi ya haura digiri 20, irin su Pusa Deepali da Early Kunwari. Waɗannan su ne suka fi kusa da yanayinmu. In ka ga F1 a jikin fakiti, iri ne mai aure: zai ba ka amfani mai kyau, amma 'ya'yansa za su fito barkatai, don haka kada ka dogara da shi wajen ajiye iri.

Nemi iri uku ko huɗu, ka rene su rana ɗaya. Bayan mako huɗu zuwa biyar, in sun kai ganye huɗu ko biyar, ka dasa su layi-layi da tazarar santimita 45 zuwa 60, ruwa ɗaya, taki ɗaya. In ka fifita wani layi da ban ruwa, ba ka gwada komai ba.

Aikin gaske yana cikin kallo, kuma da littafi a hannu. Rubuta ranar da kowane ya fara ɗaure kai. Taɓa kan da tafin hannu: mai kyau yana da tauri da nauyi, ba ya wargajewa, ba gashi-gashi a samansa, ba ƙananan ganye da suka keto ta cikinsa. Sai ka duba ganyen ciki. Wasu da kansu suke lanƙwasowa su rufe kan, wasu a buɗe suke barinsa, ranarmu kuwa cikin 'yan kwanaki take mayar da fari rawaya, mai saye a kasuwar Sabon Gari ya wuce. Wannan halin rufe kai gado ne, kuma a wurina ya fi babban kai daraja. Lura kuma da wanda tsutsa ta fi ƙyalewa, da wanda gefen ganyensa bai ƙone da ciwon baƙin ruɓa ba. Amma in kai ya yi ruwan ƙasa, kara ya yi rami, zargi ƙarancin sinadarin boron a ƙasa kafin ka zargi iri.

Launi ma gado ne. Mai ruwan lemo a wata gona a Kanada aka tsince shi a 1970, ƙwayar halitta ɗaya ce ta sauya ta sa yake tara sinadarin da ke cikin karas. Akwai mai shunayya, akwai koren Romanesco na Italiya.

Waɗanda suka fi kyau su ne ba za ka sayar ba, ko da dillali ya matsa. Kafa musu sanda, aƙalla ashirin, domin farin kabeji da yawa ba sa karɓar garin furen kansu, sai ƙudan zuma sun ɗauko daga maƙwabci, kuma tsiraru suna raunana iri. Yanke tsakiyar kan da wuƙa mai tsabta don karan fure ya samu hanya. Ka tuna shi da kabeji da burokoli jinsi ɗaya ne, suna barbarar juna, don haka a samu tazarar kilomita guda da duk wanda ke fure, ko ka rufe naka da gidan sauro ka shafa furen da ɗan buroshi.

Yi dashe da wuri, a Oktoba, don furen ya riga zafin Maris. In kwanson irin ya yi ruwan ƙasa, yanke, shanya a inuwa, ka ajiye a kwalba mai murfi da sunan layin a jikinta.