Yadda na warware wa 'yata ruɗanin tsabar kuɗi

'Yata mai shekara 5 ta kafe cewa sulalla 5 'yan ɗaya-ɗaya sun fi guda mai 10, tunda su ne masu yawa. Na yi bayani har na gaji. Ashe lamba nake nuna mata, ita kuwa yawa take gani.

Sai na ɗebo maɓallai, na jera wa kowane sule daidai darajarsa. Da ta ƙirga goma a gaban ƙwaya ɗaya tak, ta yi shiru, ta sake bi da yatsa. Daga nan muka shiga canji: ta miƙo biyu masu 5, in ba ta mai 10. Don ta riƙe kamanninsu, mukan ɗora takarda mu goga fensir har lambar ta fito. Ƙaninta kam nesa nake ajiye shi, komai baki yake kaiwa.