Yadda ake haɗa kan masu binciken ciwon daji a Katsina

Mace ɗaya 'yar Daura mai sankarar mama tana iya shiga littafin asibiti uku: babban asibitin Daura inda aka fara ganinta, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina inda aka yanki nama don gwaji, da asibitin Shika na Zariya inda aka tura ta gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura. In kowa ya ƙirga ta a bincikensa, ta zama mata uku. Shi ya sa duk wanda aka ɗora wa haɗa masu bincike nake ce masa ya fara gyara rajistar masu cutar kafin ya shiga neman tallafi.

Da farko ka san mutanenka: likitocin tiyata da na mata, mai duba nama a madubin likita, ma'aikatan jinya, da malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma masu ƙididdiga. Ka taka ka same su, zumunta a ƙafa take. Kada ka tsallake mai ajiye katin marasa lafiya, don shi ya san inda fayil ɗin bara ya kwana.

Na biyu, ku amince da fom ɗaya. Shekarun mara lafiya, ƙaramar hukumarsa cikin 34 ɗin jihar, ranar da aka tabbatar da cutar, hanyar da aka bi aka tabbatar, da matakin da ta kai. A karɓi lambar waya biyu, tasa da ta ɗan'uwa, saboda bayan wata shida layi ɗaya yakan mutu. Manhajar CanReg5 ta IARC, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Faransa, kyauta ce, kuma tana taimakawa wajen gano wanda aka shigar sau biyu.

Na uku shi ne naman gwaji, kuma nan ne aiki ya fi lalacewa. Ya shiga ruwan fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin ɗari kafin awa ɗaya da yankowa, ruwan kuma ya ninka girman naman sau goma. Na mama ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, in ba haka ba gwajin da zai nuna maganin da ya dace da mara lafiyar zai iya ba da sakamakon ƙarya. Na taɓa karɓar nama a cikin robar ruwan sha, an zuba masa ruwan gishiri, direban motar haya ya kawo shi bayan kwana biyu ana tsakiyar zafin Afrilu. Ya riga ya ruɓe. Dole aka sake kiran baiwar Allahn da aka yanki naman a jikinta aka sake yanka ta, abin har yau yana damuna. Ku rubuta ƙa'idar nan a takarda ɗaya, ku manna a bangon kowane ɗakin tiyata.

Sai izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a taɓa bayanin kowa. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda bai yi boko ba, a cire sunaye kafin fayil ya bar asibiti. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi wannan aikin.

Maganar suna a maƙalar binciken da za ku wallafa kuwa, ku gama ta tun ranar farko, a rubuce: wa zai zo farko, wa ke riƙe da bayanan, ɗalibin da ya tattara su ina matsayinsa. An fi ɓatawa a kan wannan fiye da kuɗi.

Daga nan ku riƙa zama sau ɗaya a wata, awa ɗaya, na nesa su shigo ta waya. Idan bayanan shekara guda sun kammala tsaf, ku kai su ga NICRAT, cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa da ke Abuja, ku nemi tallafi da alƙaluma a hannunku.