Kurakuran da masu son rage saurin fushi suka fi yi

"Ni haka Allah Ya yi ni." Da wannan maganar ake rufe zance a gidaje da yawa, bayan an gama ɗaga murya kowa ya shige ɗaki. Sai a ɗora da cewa hali zanen dutse. Nan ne kuskuren farko, kuma shi ya fi kashe wa mutum jiki. Gaskiya ne wani zuciyarsa a kusa take tun yana goye. Amma ƙwaƙwalwa ba dutse ba ce. A shekarar 2000, Eleanor Maguire ta jami'ar UCL a Landan ta duba ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi. Ta tarar wani sashe da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma, kuma yawan shekarun da direba ya yi a aikin, yawan girman sashen. Magidanta ne fa, ba yara ba. Ƙwaƙwalwa kamar gona take: turbar da ake bi kullum ita ke faɗi, wadda aka daina bi ciyawa ke cinye ta.

Sai ɗaukar alkawari mai faɗi: "Daga yau na daina fushi." Niyya ce mai kyau, amma ba ta gaya wa jiki abin da zai yi idan wuta ta kama. Ka dawo gida bayan magariba, ka sha cunkoso a hanya, an ɗauke wuta, yaro ya kifar da shayi a kan wayarka. Kafin ka tuna alkawarin, baki ya riga ka. Gyaran shi ne ka zaɓi wuri ɗaya, aiki ɗaya. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya nuna cewa shirin da aka ƙulla da "in kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi niyya zalla tabbata. Misali: "In na ji ƙirjina ya ɗau zafi a bakin ƙofa, zan zauna in sha ruwa kafin in ce uffan." Wanda ya san hadisin Abu Dawud, cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, zai ga wannan ba baƙon abu ba ne. Abin da ya rage shi ne a maimaita har ya zama jiki.

Kwana nawa? A nan mutane da yawa ke karaya, domin an cika musu kunne da cewa kwana 21 sun isa a sauya ɗabi'a. Phillippa Lally da abokan aikinta sun bi mutum 96 da ke koyon sabuwar ɗabi'a, suka ga tsaka-tsaki sai an yi kwana 66 kafin ta zauna, wasu 18, wasu har 254. Kuma ƙananan abubuwa ne, irin shan ruwa da cin 'ya'yan itace. Fushin da ya shekara talatin yana bin turba ɗaya ba zai kauce cikin mako uku ba. Binciken ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Don haka ranar da ka zame ka yi tsawa, kada ka ce "shi ke nan, ba zan iya ba." Ka ba da haƙuri, gobe ka koma kan shirinka.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yin atisaye inda babu wuya. Mutum ya iya danne zuciya a gaban ubangidansa a wurin aiki, sai ya ɗauka ya warke, alhali matarsa da 'ya'yansa ke kwasar ragowar. Anders Ericsson, wanda ya yi nazarin masu kaɗa gogen Turawa (violin) a Berlin a 1993, ya nuna ƙwarewa na zuwa ne daga maimaita daidai wurin da kake da rauni, tare da mai gaya maka inda ka kuskure. To, ka nemi naka mai gyara a cikin gida. Ka ce wa uwargida: "Duk Juma'a ki faɗa mini sau nawa na ɗaga murya, ba zan musa ba." Ka rubuta adadin a ɗan littafi, da lokacin da abin ya faru. Kada ka yi mamaki in ka ga yawancinsu sun faɗo a ranakun da ka kwana kana latsa waya, ko ka wuni ba ka sa komai a ciki ba.