Yadda Ake Magance Gumin Gilashi da Laima a Cikin Mota Lokacin Hunturu

Iskar hunturu busasshiya ce, leɓe ma tsagewa yake yi. Amma duk direban da ya taɓa ɗaukar fasinja bayan sallar asuba a watan Disamba ko Janairu, ya kama hanyar Damagaram ko ta Ɗan Isa zuwa Katsina, ya san cewa kafin ya fita daga Maraɗi gilashin gaba yakan yi fari fat daga ciki. Wannan ruwan daga cikin motar yake fitowa: numfashin mutane, tururin shayi ko kunu, da laimar da ta maƙale ƙarƙashin shimfiɗa. Iska mai ɗumi tana riƙe ruwa fiye da mai sanyi. A zafin digiri 30, mita ɗaya ta kowane gefe na iska tana ɗaukar kusan giram 30 na ruwa, a digiri 10 kuwa giram 9 kacal. Da zarar iskar cikin mota ta taɓa gilashin da ya kwana cikin sanyi, sai ta sauke rarar a kansa.

Da farko ka tabbatar ta wane gefe gumin yake. Kunna waifa. In ta share, raɓa ce ta waje, wadda aka fi samu kusa da gulbi ko wajen tafkin Madarunfa, kuma magana ta ƙare. In bai gushe ba, na ciki ne.

Mataki na biyu shi ne inda yawancinmu muke kuskure. Saboda ƙura, muna ɗaga gilasai duka, mu danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta, wanda ke sa iskar ciki ta yi ta zagayawa ba ta fita. To, numfashin mutum biyar ko shida ke nan yake ta komawa kan gilashi. Kashe wannan maɓallin, ka bar iskar waje ta shigo. In motarka ba ta da shi ko ya lalace, sauke gilasan gefe biyu kamar faɗin yatsa biyu. Fasinja za su yi ƙorafin sanyi, su ja mayafi su rufe kunne, amma a wannan lokaci na shekara babu abin da ke shanye laima kamar iskar da ke waje, kuma kyauta ce.

Sai ka juya iskar fanka zuwa gilashin gaba, ka ƙure ƙarfinta, ka kunna kilim. Mutane suna mamakin a ce a kunna na'urar sanyi ana rawar ɗari, alhali aikinta ba sanyaya iska kaɗai ba ne, tana tsotse ruwan da ke cikinta. Shi ya sa kake ganin ruwa na ɗiga ƙarƙashin mota in ta tsaya. Idan inji ya ɗumama, murɗa maɓallin zafi zuwa wajen ja alhali kilim na aiki. Iska mai ɗumi kuma busasshiya ita ce ke share gilashi da sauri. Sai dai motoci da yawa da suka shigo ta Kwatano an cire musu tiyon hita a gareji, don ana ganin ba ta da amfani a ƙasar zafi. In taka haka take, kilim da iskar waje sun wadatar. Gilashin baya kuma yana da nasa maɓallin, wanda ke ɗumama siraran layukan da ke jikinsa.

Kada ka goge da tafin hannu ko bakin riga. Maiƙon hannu yana barin tabo, da dare fitilar babbar mota ta haske shi ka kasa ganin hanya. Ajiye tsumma mai tsabta don wannan aikin kaɗai, kuma ka riƙa wanke gilashin daga ciki, domin ƙurar da ta kwanta a kai ita ce ruwa ke kamawa. In ba ka gani sosai, gangara gefe ka tsaya har ya washe.

Idan gumin yana dawowa kullum ko kai kaɗai ne a motar, ko kana jin warin ruma, akwai ruwa ɓoye. Ɗaga tabarmar ƙafa, ka danna kafet da hannu. Ƙarƙashinsa akwai soso mai kauri da kan riƙe ruwa makonni, wani tun ruwan Agusta, wani kuma daga masu wankin mota da ke kwara bokiti a ciki. Duba ramin safaya taya a but. Jiƙa a wajen ƙafar mai zaman gaba yawanci alama ce ta toshewar ɗan tiyon da ke fitar da ruwan kilim, kuma makanike zai buɗe shi cikin ɗan lokaci. Ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi da magudanar da ke gindin gilashin gaba su ma yashi da ganyen bedi suna cushe su. A sa a duba matatar iskar ciki, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin gaban fasinja. Ƙurar hunturu tana toshe ta har fanka ta yi ta ƙara ba iska.

Alama ɗaya ce ba a jinkiri da ita: gumi mai maiƙo da ba ya gogewa, da wari mai ɗan zaƙi, ga ruwan lagireto yana raguwa. Hita ce ke yoyo a bayan dashbod, kuma in aka bari inji zai iya yin zafi a hanya.

Bayan an toshe inda ruwa ke shiga, fitar da shimfiɗu, ka ajiye motar a rana tsakanin azahar da la'asar da ƙofofi a buɗe, ka ɗaga kafet ka tokare shi da itace don iska ta ratsa ƙasa. Ragowar danshi, gawayi a cikin tsohuwar safa ƙarƙashin kujera yana taimakawa, musamman wajen wari. Gawayi marar wuta nake nufi: kaskon garwashi a rufaffiyar mota yana fitar da iskar da ba ta da wari, kuma tana kisa.