Kurakuran Masu Sayen Tsofaffin Motocin Italiya

Na gaji da ganin sababbin shiga suna murnar cewa sun tsinci Alfa Romeo ko Lancia a araha, bayan wata shida kuma su dawo suna zagin motar, alhali laifin nasu ne.

Babban kuskure shi ne a saurari inji a manta da bodi. Injin Italiya yana da zaƙin murya, kuma da muryar nan aka yaudare ni lokacin da na sayi Alfa GTV6 ƙirar 1983 mai jan fenti sabo fil. Ban shiga ƙarƙashinta ba. Ranar da mai walda ya ɗaga dardumar ƙasa, sai ya tura sukundireba ta ɓulle waje, ya kankare gefen ƙofa muka iske foti mai kaurin yatsa an shafe tsatsa da shi. Abin da na kashe wajen walda da fenti ya zarce kuɗin motar. Kuma tarihi bai ɓoye wannan ba: Alfasud, motar Alfa Romeo da aka ƙera a Pomigliano d'Arco kusa da Napoli ta yi suna wajen tsatsa, Lancia kuwa a 1980 sai da ta sake sayen motocin Beta daga hannun masu su a Ingila saboda ruɓewar ƙarfe. Yanzu ba na zuwa ganin mota sai da maganaɗisu da tocila. Duk inda maganaɗisu ya ƙi kamawa a bodin ƙarfe, foti ne, kuma idan mai mota ya hana a hau da ita kan rami, sallama nake yi masa.

Na biyu shi ne bel ɗin tayimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul. Wai don motar ba ta yi tafiya mai yawa ba sai a bar shi? Roba tana tsufa ko mota na ajiye, kuma idan ya tsinke a injin V6 na Busso, wato irin wanda ke cikin GTV6, fistin ya daki bawul, sai an sauke kan inji. Ni duk shekara uku nake canza shi tare da abin da ke ɗaure shi, wasu na cewa na yi gaggawa, su suka sani. Mai sha'awar Ferrari 348 ko Testarossa ya sani cewa aikin bel ɗin nan sai an fitar da injin ɗungurungum.

Matsalar wuta yawanci wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ce ta yi tsatsa, a goge ta kafin a zargi Magneti Marelli, kamfanin da ke ƙera kayan wutar motocin. Kada a banka giya ta biyu da sanyin safiya kafin man giya ya ɗumama. Kafireta ta Weber kuwa ba ta kowane bakanike ba ce. A nemo wanda ya san ta tun kafin a biya kuɗin mota, kuma a ware aƙalla rabin farashinta domin gyaran shekarar farko.